Yadda Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman Zai Nemi Haƙƙinsa a Jami'a da Kwaleji a Nijeriya

A yawancin manyan makarantunmu, idan aka sa lacca a bene hawa na biyu alhali a ajin akwai ɗalibi mai keken guragu, abin da ake yi sananne ne. Abokansa huɗu za su kama keken, biyu a gaba biyu a baya, su hau da shi suna nishi, idan an tashi kuma su sauko da shi. Kowa yakan yaba wa abokan, kuma sun cancanci yabo, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi dalilin da ya hana a mayar da laccar ɗakin da ke ƙasa, wanda wataƙila babu kowa a cikinsa a wannan sa'ar. Ranar da abokan suka makara, ko aka yi saɓani da ɗayansu, karatun ranar ya wuce ɗalibin ke nan. Haka makaho yake dogara da wanda zai karanta masa, haka kurma yake jiran wanda zai ara masa littafin da ya rubuta abin da malam ya faɗa. Duk wannan alfarma ce, ita kuwa alfarma ba a kai ƙarar wanda ya janye ta. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ɗalibi zai mayar da irin wannan taimako ya zama tsari rubutacce wanda makaranta ta ɗauki nauyinsa da hatiminta. Duk inda na ce ɗalibi, har da ɗaliba nake nufi.

Abin da doka ta tanada

Ginshiƙin maganar shi ne Dokar Haramta Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Sashe na 1 ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa ta kowace fuska, ya kuma yanke tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfani, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, ga mutum ɗaya. Wanda aka zalunta yana da ikon shigar da ƙarar neman diyya da kansa, ko an gurfanar da mai laifin ko ba a gurfanar ba. Sashe na 17 ya ba shi 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ko keɓewa ba. A nan sai a lura da wani abu da ake yawan kuskuren fahimtarsa: ilimin da wannan sashe ya ce kyauta ne ya tsaya a matakin sakandare, saboda haka wanda ya je ofishin kuɗi na jami'a yana cewa dokar tarayya ta yafe masa kuɗin makaranta zai sha kunya. Idan wata jiha ko wata makaranta ta yafe, wannan tsarinta ne, sai ka nemi takardar da aka sanar da shi ka riƙe.

Sashe na 18 ne ya fi shafar mai karatun gaba da sakandare, domin ya ambaci manyan makarantu ƙarara. Ya ce dukkan makarantun gwamnati, firamare da sakandare da manyan makarantu, dole a tafiyar da su ta yadda za su haɗa da naƙasassu kuma su iya kaiwa gare su, kowacce ta kasance tana da aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya mai kula da karatunsu, da kayan aiki na musamman da za su sa karatun ya yiwu. Sashe na 27 ya ce idan makaranta tana ba ɗalibanta masauki, a fara duba naƙasassu, sashe na 26 kuma ya ba su fifiko a layi. Game da gine-gine, dokar ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara su, wa'adin kuwa ya cika tun watan Janairun 2024, don haka uzurin cewa ginin tsoho ne ya daina zama hujja a gaban doka. Sashe na 8 ma ya buɗe wata ƙofa da ɗalibai kaɗan ne suka san da ita: wanda ya tarar da shinge a wurin da yake da haƙƙin shiga zai iya sanar da hukumar da ke kula da wurin, idan ta ƙi kawar da shingen kuma kotu ta same ta da laifi, za ta biya shi diyyar naira 10,000 a kan kowace rana da ta yi tana jan ƙafa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma lissafin yana farawa ne daga sanarwa, wannan kuwa shi ne dalili na farko da ya sa komai ya kamata ya kasance a rubuce.

Dokar tana da giɓi, kuma gara ka san shi tun kafin wani ya nuna maka. Ba ta jera abubuwan da za a yi wa ɗalibi a aji ko a ɗakin jarrabawa ba. Babu inda ta ce ƙarin minti kaza, babu inda ta ce a ba shi marubuci, wato wanda zai rubuta masa amsar da ya faɗa. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu ta 2006, wadda Nijeriya ta rattaba wa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sashe na 24 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasashe su tabbatar naƙasassu sun samu ilimin gaba da sakandare daidai da kowa tare da yi musu sauƙaƙawar da ta dace, sashe na 2 kuma ya lissafa ƙin yin wannan sauƙaƙawa a cikin nau'o'in wariya. Ma'anar sauƙaƙawar da ta dace ita ce gyaran da mutum yake buƙata a halin da yake ciki, matuƙar bai ɗora wa makaranta nauyin da ya wuce kima ba. Mayar da lacca ɗakin ƙasa, misali, ba ya cin ko kwabo.

Idan makarantarka ta jiha ce, ka nemi dokar jihar ka haɗa da ta tarayya, saboda akan samu masu cewa dokar tarayya ba ta hau kansu ba sai jiharsu ta yi tata. Filato ta yi tata tun 2005, Legas a 2011, Kano a 2018, Kaduna a 2021, wasu jihohin ma sun bi sahu. Idan kuma makarantar mai zaman kanta ce, sashe na 18 bai ambace ta ba, amma haramcin wariya na sashe na 1 bai ware kowa ba.

Tun kafin a samu gurbi

Aikin yana farawa ne daga rajistar jarrabawar JAMB. Tun 2017 hukumar, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa wani kwamiti na daidaita dama mai suna JEOG, wanda Farfesa Peter Okebukola yake jagoranta, kuma shi ne yake shirya wa makafi da wasu masu buƙata ta musamman jarrabawarsu a cibiyoyi na daban, daga cikinsu akwai Kano da Bauchi da Yola da Jos da Abuja. Sai dai kwamitin ba zai san da kai ba idan ba a nuna lalurarka a fom ba. Kada ka bar wa mai danna kwamfuta a cibiyar rajista wannan al'amari, domin yana sauri ne ya sallami layi. Ka sa wanda ya raka ka ya karanta maka abin da aka cike kafin a tura, sannan ya sake dubawa a takardar da aka buga. Haka nan idan makarantar da ka zaɓa tana yin tata jarrabawar tantancewa, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai makonni kafin ranar, kada ka ɗauka cewa bayanin da ka ba JAMB ya riga ya isa teburinsu.

Wajen zaɓen makaranta, gani ya kori ji. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo an kafa ta ne domin wannan fanni, Jami'ar Ilorin tana da cibiyar tallafa wa kurame, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ibadan kuma suna da sassan nazarin ilimi na musamman, wanda hakan yana nufin akwai malaman da suka san rubutun makafi da yaren kurame a cikin harabar. Wannan ba ya nufin ka taƙaita kanka ga waɗannan makarantu, balle ka yarda a tura ka karatun ilimi na musamman alhali lauya ko akanta kake son zama, abin da ake yawan yi wa yaranmu da sunan tausayi. Ka je da ƙafarka ko ka aika wanda ka amince da shi, a duba tazarar ɗakin kwana zuwa tsangayarka, a leƙa banɗaki a ga faɗin ƙofarsa, a nemi wani ɗalibi mai irin lalurarka da ke aji uku ko huɗu a tambaye shi yadda ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Amsar da zai bayar ta fi duk abin da ke cikin kundin makarantar amfani.

Takardar likita

Duk buƙatar da za ka gabatar, tambayar farko ita ce ina shaida. Ka nemi rahoto daga asibitin gwamnati, zai fi kyau na koyarwa ko na ƙwararru, a kan takarda mai ɗauke da sunan asibitin da hatimi da kwanan wata. Kuskuren da ake yi shi ne karɓar rahoto mai layi biyu wanda ya ambaci sunan ciwon da Turancin likitoci ya yi shiru. Jami'in jarrabawa ba likita ba ne, abin da yake son sani shi ne me lalurar take hana ka yi. Don haka ka roƙi likita ya rubuta a fili cewa ba ka iya karanta rubutu mai girman da aka saba, ko hannunka ba ya jure rubutu fiye da ɗan lokaci, ko ba ka iya hawa bene, sannan ya ba da shawarar abin da zai taimaka. Daga nan ka kai kwafi asibitin makaranta a sa a fayil ɗinka tun lokacin rajistar shiga, saboda a makarantu da yawa ba a aiki da rahoton waje sai daraktan lafiya na makarantar ya amince da shi. Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, ita doka ta ɗora wa ba da takardar shaidar naƙasa, kuma yana da kyau ka neme ta, amma kada jiranta ya hana ka gabatar da buƙatarka da rahoton likita.

Akwai waɗanda lalurarsu ba a ganinta da ido, kamar mai sikila da ciwo kan kwantar da shi a tsakiyar jarrabawa, da mai farfaɗiya, da mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa, da wanda jinsa ya ragu amma bai kurumce ba. Dokar ba ta yi jerin sunayen cututtuka ba. Ma'auninta shi ne lalura mai daɗewa a jiki ko hankali ko gani da ji, wadda idan ta haɗu da shingaye take hana mutum shiga harkoki daidai da kowa. Irin waɗannan ɗalibai sukan ɓoye halinsu don gudun tsegumi, kuma ban ga laifinsu ba, domin bakin mutane ba shi da linzami. Amma makaranta ba ta da alhakin abin da ba a sanar da ita ba, kuma rahoton da aka kawo bayan an faɗi jarrabawa kullum kallon uzuri ake yi masa. Mafita ita ce ka sanar da ofishin da ya dace kawai, ka kuma rubuta a wasiƙarka cewa ba ka yarda a bayyana sunan ciwon ga wanda aikinsa bai shafa ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya a cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Malamin kwas ya ishe shi ya san an amince a ƙara maka lokaci, ba sai ya san dalili ba.

Wasiƙar neman sauƙaƙawa

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ake samu ko a rasa. Idan makarantar tana da ofishi ko kwamitin kula da masu buƙata ta musamman, can za ka fara. Idan babu, ka rubuta wa shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai a kan abin da ya shafi masauki da zirga-zirga, ka rubuta wa magatakardan makaranta ta hannun shugaban sashenka da shugaban tsangaya a kan abin da ya shafi aji da jarrabawa. Bin wannan tsani yana da muhimmanci, saboda wasiƙar da ta tsallake shugaban sashe takan dawo teburinsa daga baya, ta same shi da fushin an raina shi. Ka rubuta a makonni biyu na farkon zango, tun kafin a kafe jadawalin lacca a raba ɗakuna.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ta ƙunshi sunanka da lambar rajista da sashe da aji, sai jimla ɗaya ko biyu a kan lalurar da abin da take hana ka, sai buƙatun ɗaya bayan ɗaya, sai sassan dokar da ka dogara da su, sai roƙon a ba ka amsa a rubuce kafin wata rana da ka ambata. Da Turanci za a rubuta ta tunda shi ne harshen ofis, amma ma'anarta kamar haka ce: ni ɗalibi ne a aji ɗaya a sashe kaza, ba na gani, kamar yadda rahoton likita da ke haɗe ya nuna, ina neman a riƙa ba ni takardun darasi a kwamfuta a matsayin rubutu ba hoto ba, a ba ni izinin naɗar muryar malami a lacca, a bar ni in rubuta gwaji da jarrabawa da kwamfuta mai karanta rubutu a ɗaki marar hayaniya, tare da ƙarin rabin lokacin da aka ɗiba wa kowace takarda. Ka lura babu kalmar tausayi a ciki, babu kuma barazana. Wasiƙar da ta ce a taimaka mini yadda ya sauwaƙa ba ta ba kowa aikin yi ba, don haka a fayil za ta kwana.

Ga yadda ake miƙa ta. Ka buga kwafi uku. Idan ka shiga ofis, sakatare ko akawu zai karɓa ya ce ka tafi za a duba. Kada ka fita. Ka miƙa masa kwafi na biyu ka ce, ranka ya daɗe, a taimaka a buga mini hatimin karɓa a wannan. Zai buɗe aljihun tebur ya ɗauko hatimin, ya buga, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu, wani lokaci ma ya shigar da ita a babban littafin wasiƙu masu shigowa. Idan ya ce hatimin yana wajen wanda ya fita, ka ce za ka jira, ko ka dawo da rana da takardunka duka. Wannan kwafi mai hatimi ka ɗauke shi hoto da waya, ka aika wa kanka ta imel, asalin kuma ka adana shi inda ruwa da gara ba za su kai ba. Na taɓa ganin ɗalibar da shugaban sashenta ya yi mata alkawari da baki cewa za a riƙa buga mata tambayoyi da manyan baƙaƙe, aka kuwa yi hakan zango biyu lafiya lau. Da wa'adinsa ya ƙare wani ya hau kujerar, ranar jarrabawa aka miƙa mata takarda irin ta kowa, mai sa ido ya ce shi ba a gaya masa komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Babu mugu a cikin labarin, takarda ce kawai babu.

Idan amincewa ta fito, ka yi kwafinta ka kai wa jami'in jarrabawa na sashe da malamin da ke kula da ajinku da kowane malamin kwas, har da na kwasa-kwasan gama-gari da ake ɗauka a wasu tsangayoyi, domin su ne aka fi mantawa da su kuma su ne masu cunkoso.

Me ya kamata a nema

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce sauƙaƙawa tana canza hanyar da ake bi a auna iliminka, ba ta rage abin da ake aunawa. Ba a neman a rage tambayoyi ko a ƙara maki, kuma duk wanda ya nemi haka ya ba masu cewa gata ake nema hujja. Idan ka fito da wannan a fili a gaban malami mai taurin kai, rabin gardamar ta mutu.

Makaho ya fi kowa buƙatar shiri a kan jarrabawa. Ya zaɓi hanyar da ya ƙware a kai, ko rubutun makafi da ake kira burel, ko keken rubutu, ko kwamfuta mai manhajar karanta allo irin NVDA, wadda kyauta ce, ko JAWS, wadda ake saya, ko kuma a karanta masa ya faɗa a rubuta. Kowacce tana da tarkonta. Idan burel ne, wa zai juya amsar zuwa rubutun da malami zai iya dubawa, kuma cikin kwana nawa, domin a nan ne sakamako yake ɓacewa a wayi gari an rubuta maka ba ka zauna jarrabawa ba. Idan kwamfuta ce, a amince tun da wuri cewa za a duba ta a tabbatar babu komai a ciki, a tanadi wurin caji, a kuma fayyace yadda za a buga amsar a gaban mai sa ido ka sa hannu ko ka dangwala. Idan marubuci ne, makaranta ce ya kamata ta naɗa shi, kuma ya zama wanda ya iya rubuta kalmomin fannin amma ba ɗan ajinku ba, don kada gobe a ce shi ya amsa. Jarrabawar da ake yi a kwamfutocin makaranta kuwa, ka nemi a gwada manhajar karanta allo a kansu mako guda kafin ranar. Game da ƙarin lokaci, tunda dokarmu ba ta ƙayyade ba, ka ambaci adadi da kanka. A Ingila an saba ƙara kashi 25 cikin 100, a Amurka kuma ƙarin rabin lokaci ya zama ruwan dare, kuma mai karanta burel ko mai faɗa a rubuta yana da hujjar neman mafi yawa. Idan ɗakin karatu ya ce haƙƙin mallaka ya hana a juya maka littafi, ka tuna musu cewa Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Marakesh kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta halatta a juya littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita.

Kurma ya nemi tafinta, ya kuma faɗi irin yaren hannun da ya iya, saboda wanda ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga na Amurka, ya kuma bambanta da maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa suke yi a gida da kasuwa. Ya nemi kujerar gaba, da takardun darasi kafin lacca, da kuma a riƙa rubuta duk sanarwar canjin lokaci ko ɗaki, domin sanarwar da malam ya yi da baki yana tattara takardunsa ta sa kurame da yawa sun rasa gwaji. Zabiya da mai raunin gani su nemi manyan baƙaƙe su ambaci girman da suke iya karantawa, da wurin zama kusa da allo nesa da hasken taga, da izinin sa hula da tabarau. Mai keke ko sanduna ya nemi ɗakin kwana a ƙasa kusa da banɗaki, da gadon ƙasa, da mayar da laccocinsa da jarrabawarsa ɗakunan da zai iya shiga, da ɗan lokaci tsakanin lacca da lacca idan gine-ginen suna da nisa. Mai sikila da makamantansa su nemi a rubuta yadda za a yi idan ciwo ya tashi ranar gwaji, wato a ba su damar rubutawa daga baya a matsayin zama na farko, kada a lissafa musu faɗuwa.

Idan aka yi shiru ko aka ƙi

Shiru ya fi ƙi yawa. Bayan mako biyu ka rubuta tunatarwa, ka ambaci ranar wasiƙar farko ka haɗa kwafinta mai hatimi. Idan ba a motsa ba, ka ɗaga zuwa mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkokin karatu, sannan shugaban da kansa. A wannan mataki kada ka tafi kai kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman ta makarantar, idan akwai, da reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa wato JONAPWD, da ƙungiyoyin makafi da na kurame, duk sun saba da irin wannan zama, kuma ofis yakan canza murya idan ya ga mutum biyar maimakon ɗaya. Idan an ƙi, ka roƙi a rubuta dalili, ka kuma tambayi abin da za su iya yi a madadin abin da ka nema. Wani lokaci madadin yana biyan buƙata, kuma karɓarsa ba faɗuwa ba ce.

A wajen makaranta akwai Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda karɓar koke yana cikin aikinta, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, waɗanda suke da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗi a kai musu kuka. Kana iya aika kwafi ga hukumar da ke sa ido a kan makarantar, wato NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. A ganina kotu ita ce matakin ƙarshe ga wanda yake cikin karatu, saboda shari'a tana iya ɗaukar lokacin da ya fi na digirin, kuma malaman da za ka kai ƙara su ne za su duba takardunka. Amma idan abin ya kai ga hana gurbi ko kora, ka ga lauya ko ka je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ba tare da ɓata lokaci ba, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita shigar da wasu ƙararraki a kan hukumomi zuwa wata 3 daga ranar da abin ya faru, wasu makarantun kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Lauyan zai fara da tambayar takardu, sai ka miƙa masa fayil ɗin da ka tara.

A farkon kowane zango ka sake kai kwafin amincewar ga sababbin malamai, ka kuma leƙa ofishin jami'in jarrabawa da zarar an kafe jadawali domin ka tabbatar sunanka yana cikin waɗanda aka ware wa ɗaki da ƙarin lokaci. Idan lalurar ta ƙaru ko ta canza, ka sabunta rahoton likita ka rubuta ƙarin buƙata. Kafin fita koyon aiki ko koyarwar gwaji, ka rubuta wa ofishin da ke tura ɗalibai tun kafin a fitar da sunaye, a tura ka wurin da za ka iya shiga. Fayil ɗin kuma kada ka yar da shi ranar da ka gama, saboda rahoton likitan za a sake nemansa lokacin rajistar bautar ƙasa, kuma takardar amincewar ita ce shaidar da za ka gabatar idan ka koma karatun digiri na biyu.